Neman shawara: an ba ni aiki kan falsafar wujudiyya, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a jami'a, kuma an ba ni aikin rubutu kan tasirin falsafar wanzuwar ɗan Adam, wadda Larabawa ke kira wujudiyya, a tunanin zamani. Na buɗe babban littafin masanin falsafa ɗan Faransa Jean-Paul Sartre na 1943, ban iya wuce shafi goma ba. Abin da ya fi damuna shi ne an ce mini duk masu wannan mazhaba ba su yarda da Allah ba, ina tsoron aikin ya taɓa imanina. Wace shawara za ku ba ni?

Wani malami: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki ajiye wannan littafin tukuna, ki nemi laccar da Sartre ya gabatar a Paris a watan Oktoban 1945, domin gajeriya ce kuma jama'ar gari ya yi wa ita. A nan ya kawo misalin wuƙar yanka takarda: maƙeri ya san amfaninta tun kafin ya ƙera ta, amma mutum, a cewarsa, sai ya samu tukuna, sannan zaɓinsa ya mayar da shi abin da ya zama. A laccar kuma shi da bakinsa ya kasa masu wujudiyya gida biyu, ya sa Karl Jaspers da Gabriel Marcel cikin masu addini, ya sa kansa a ɗaya ɓangaren. Kierkegaard ɗan Denmark, wanda ake ɗauka a matsayin tushen tafiyar, Kirista ne mai tsananin riƙo, har ya yi littafi guda a 1843 kan Annabi Ibrahim da umarnin yanka ɗansa. Saboda haka wanda ya gaya miki wancan zance ya yi musu kuɗin goro.

Wata 'yar uwa: Ƙanwata, tunda tasiri aka tambaye ki, ki bi sawun inda tunanin ya sauka. Simone de Beauvoir ta ɗora shi kan halin mata a 1949, inda ta ce ba a haifar mace da matsayinta, al'umma ce ke mayar da ita haka. Sartre ne kuma ya rubuta gabatarwar littafin 1961 na Frantz Fanon, marubuci mai adawa da mulkin mallaka, lokacin yaƙin neman 'yancin Aljeriya. A Masar, Abdurrahman Badawi ya yi rubutu kan wujudiyya da Larabci, idan kina karanta harshen. Ki yi hattara da Albert Camus, domin ya sha musanta cewa yana cikinsu.

Wani dattijo: Ban saɓa wa Malam ba, sai dai kada a sauƙaƙa mata fiye da kima. Hujjar Sartre ta ginu ne kan cewa babu maƙerin da ya tsara mutum, wannan kuwa ya ci karo da imani da ƙaddara kai tsaye. Ki bayyana ra'ayinsa da adalci, ki jingina masa kowace magana, sannan ki ware babi ki faɗi inda kika rabu da shi.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na samo laccar a laburare, zan karanta ta kafin in je wurin mai duba aikina ranar Litinin.