Gidan Ɗan Hausa: gadonmu ne ko gadon Turawa?

Wanda ya buɗe zance: Assalamu alaikum. Abin da ke damuna shi ne yadda muke da Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, cikin Kano, da soraye da fili da bishiyoyi, amma yawancin matasanmu ba su taɓa taka ƙofarsa ba. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe da makuba kafin kowace damina, azara kuma tana buƙatar a riƙa duba ta. Ina ganin ya kamata jama'a su haɗa hannu a kira magina su gyara shi da kayan da aka gina shi da su, a raya lambun, domin ya zama wurin karatun waƙa da baje kolin sana'o'i da zaman yara da yamma. Wannan gadonmu ne.

Wani malamin tarihi: Wa alaikumus salam. Malam, gadon wa? Hanns Vischer, Baturen da ya zauna a gidan, mutumin Suwizalan ne, da 'yan mishan ya fara shigowa ƙasar nan, daga baya ya zama jami'in gwamnatin Ingila, wadda ta ci Kano da yaƙi a 1903. Laƙabin Ɗan Hausa da aka ba shi bai sa ya zama kakan kowa ba. Gadonmu shi ne Gidan Makama da Gidan Rumfa.

Wata Hajiya: Malam, ai ba Vischer ne ya kwaɓa ƙasar ba, kuma ba shi ne ya jera tubali ya ɗaura azara ya fitar da zankwaye ba. Maginan Kano ne suka yi wannan aiki da hannunsu, saboda haka idan ka ce ba gadonmu ba ne, to iyayenmu ka hana haƙƙinsu.

Malamin tarihi: Hajiya, wanda ya gina gida daban, wanda gidan ke ɗauke da sunansa daban.

Wani Bakatsine: Ku Kanawa kuna riƙe da gidan ne kawai domin ku ce a wurinku boko ya fara. Shugabannin Arewa irin su Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Kwalejin Katsina suka yi karatu, kuma wancan ginin ya fi cancanta a fara da shi.

Wani Bakano: Ɗan'uwa, makarantar boko ta Nassarawa da Vischer ya kafa, a 1909 aka buɗe ta, Kwalejin Katsina kuwa sai bayan fiye da shekara goma ta zo. Wannan ba abin musu ba ne.

Bakatsinen: Makarantar farko ba ita ce makaranta mafi tasiri ba, kuma Katsina tana da Gobarau tun kafin Bature ya san hanyar Arewa.

Wanda ya buɗe zance: Jama'a, ni maganar yaɓe da lambu na kawo, kuma har yanzu babu wanda ya ce zai nemo mana magini ko ya ba da ko da dashe ɗaya.

Malamin tarihi: Ba zan sa kuɗina ba sai an sauya wa gidan suna.

Mai kula da zaure: Zan rufe zancen a nan. Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu sun yarda da Hajiya cewa gidan aikin maginan Kano ne, don haka namu ne, kuma an tabbatar cewa makarantar Nassarawa ta Kano ta riga Kwalejin Katsina buɗewa. Maganar sauya suna ra'ayin mutum ɗaya ne, batun Katsina kuwa ba shi muka taru a kai ba. Duk mai niyyar taimakawa wajen gyaran ya tuntuɓi Malam da ya buɗe zancen.