Olsar Habu: tunani ne ko ƙwayar cuta?

Goggo Hajara: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya bayan la'asar na leƙa gidan Habu, wallahi ban ji daɗin ganinsa ba. Duk ya zube, tuwo ma loma uku ya yi ya tsame hannu, wai ƙirjinsa na ci da wuta. Ni dai na faɗa masa, olsar nan tunani ne ya kawo ta. Tun da bashin atamfofin nan ya hau kansa a kasuwar Kwari ba ya runtsawa. Ba asibiti yake buƙata ba, a sauke masa nauyi a gani.

Baffa Sani: Wa'alaikumus salam. Yaya, maganarki dutse. Shekarar da shagona ya ƙone, ko ruwa na sha sai ya tsaya min a ƙahon zuciya. Da Allah ya kawo buɗi, ciwon ya tafi ko ƙwaya ɗaya ban haɗiya ba.

Maryam: Goggo ina wuni, Baffa ina gajiya. Ku yi haƙuri zan ɗan sa baki, don kullum irin waɗannan muke kwantarwa a ɗakinmu na asibiti. Yawancin gyambon ciki abu biyu ke kawo shi. Akwai ƙwayar cuta mai suna H. pylori da ke zama a jikin tumbi, galibi tun yarinta ake ɗaukarta. Sai kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin. Shi tunani yana tsananta ciwo, amma a ce shi kaɗai ne, gaskiya a'a.

Goggo Hajara: Ke Maryam, daga fara sa fararen kaya sai ki koya mana ciwon da muka sani tun ba a haife ki ba? Wace ƙwayar cuta ce za ta rayu a cikin da ke narkar da ganda?

Maryam: Goggo, manyan likitocin duniya ma tambayar da suka yi ke nan. Su ma da can tunani da yaji suke ɗora wa laifi. Sai wasu likitoci biyu a garin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar a 1982. Aka ƙi yarda da su. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ya raini ƙwayar a ciki ya kwankwaɗe, cikin 'yan kwanaki ya fara amai, da aka leƙa tumbinsa aka tarar ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Auta: Ya sha da gangan? Wannan ai ko a garinmu sai an kai shi ruƙiyya.

Baffa Sani: Auta rufe mana baki, manya na magana. To Maryam, ni da na warke ba magani fa? Ina ƙwayar ta tafi?

Maryam: Baffa, an leƙa cikinka da na'ura a lokacin? Mu komai ya yi zafi tsakanin ƙirji da cibiya sai mu ce olsa. Wani ƙwarnafi ne, wani ruwan ciki ne ke tasowa maƙogwaro, kuma waɗannan damuwa na tayar da su sosai. In hankali ya tashi, jiki na sakin sinadaran adrenaline da cortisol, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, barci ya ƙaurace, ɗan zafi kaɗan mutum ya ji shi kamar garwashi. Kuma don kar na ci amanar ilimi: bayan girgizar ƙasar Kobe a Japan a 1995, likitocin yankin sun ga masu gyambon ciki mai zubar jini sun ƙaru.

Goggo Hajara: Yauwa! Ashe kin dawo hanya. Girgizar ƙasa ƙwayar cuta ce?

Maryam: Ban dawo ba Goggo. Damuwa iska ce, tana hura wuta, amma sai da garwashi a murhun. Abin da nake tsoro a zauna jiran a biya bashi, ciki kuma yana ɓulewa.

Habu: Ina ta karantawa, kun sa ni a faifai. Goggo ba ki yi ƙarya ba, sai ƙarfe biyu na dare ina kwance ina lissafi, waya ta yi ƙara gabana ya faɗi ko mai kaya ne. Amma Maryam kin tsorata ni. Wata uku ke nan kullum in na taso kasuwa sai na biya kemis an yi min haɗin ciwon jiki, akwai wannan diclofenac ɗin a ciki. Da rana kuma goro da shayi ne abincina. In zafin ya taso na jiƙa kanwa.

Maryam: Innalillahi. Yaya Habu don Allah ka ajiye haɗin nan daga yau, kanwar ma haka, gishiri ce kuma jininka ba mu san inda yake ba. Ka zo a auna shi, a yi gwajin bayan gida. In an sami ƙwayar, magani ne na kamar sati biyu, omeprazole mai rage ruwan tsamin ciki da magungunan kashe ƙwayar cuta, likita zai rubuta. In kana shan omeprazole yanzu ka faɗa, yana ɓoye ta a gwaji. Amma in ka ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko amai da jini, ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Goggo Hajara: To wa ya kai shi kemis ɗin in ba tunani ba? Wa ya hana shi cin abinci? Ni har yanzu ina kan bakana.

Baffa Sani: Yaya ki tsaya a kan bakanki, ita ma ta tsaya a kan nata. Habu, gobe bayan isha'i ka zo da littafin bashin nan gaba ɗaya, kar ka ɓoye min ko shafi ɗaya. Mai kayan na san mahaifinsa, za mu je a raba biyan wata-wata.

Habu: To Baffa, Allah ya ƙara girma. Maryam, Litinin kina aikin safe?

Maryam: Ina nan daga ƙarfe takwas. Ka taho da ragowar haɗin a ledarsa in ga abin da suke ba ka.