Na ɗauko muryoyi a kasuwa, iska ta cinye

Nafisa: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba mu aikin jin ra'ayin jama'a na minti uku don rediyon ɗalibai, a kan tsadar shinkafa. Jiya na shiga babbar kasuwar Birnin Kebbi da wayata, na zanta da mutum tara. Da na dawo ɗaki na kunna, wallahi sai da na yi ƙwalla. Iska na ta bubbuga, ga injin niƙa, ga hon ɗin 'yan kabu-kabu. Wata Inna mai awon shinkafa ta yi magana mai ratsa zuciya, amma ko rabinta ba a ji. Don Allah ku taimaka.

Abdurrashid: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata. Kin saurari na farko da iyafis kafin ki wuce wurin na biyu?

Nafisa: A'a Yaya, kunya ta hana ni tsayawa.

Abdurrashid: To nan gizo ke saƙar. Kunnenki yana tace hayaniya, makirufo kuwa duk abin da ya zo masa haɗiyewa yake. Ki ɗauki daƙiƙa goma ki saurara tukuna. Ki ba iska baya, balle yanzu da hunturu ya kankama, ki rufe bakin makirufo da soso. Ni safar jariri na yi ta amfani da ita, kuma ta yi. Tsakaninsa da bakin mutum kamar taƙi ɗaya, ki ɗan karkatar da shi gefe. Ki kuma sa wayar a alamar jirgin nan, kada kira ya katse ki.

Sadiƙ: Ku haɗa kuɗi ku sayi Zoom H1n kawai, ƙaramin abin ɗaukar murya ne. Batir AAA biyu yake ci, kuma kina jin abin da yake ɗauka nan take.

Zainab: Sadiƙ, ɗaliba ce fa. Ƙaramin makirufo Boya BY-M1 ya ishe ta, igiyarsa mita 6 ce. Sai dai ki nannaɗe ta a hannu, in tana gogar kaya ana ji. Wajen tacewa, manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta, a waya kuma akwai Lexis Audio Editor. Ki ɗauka a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, in wayarki ta yarda, ki ajiye na asali daban, kada ki tura wa kanki a saƙon murya na WhatsApp, matse sautin yake yi. Noise Reduction kuwa, wato abin rage hayaniya na cikin manhajar, a hankali. Yana maganin ƙugin da bai canzawa, irin na fanka, amma ba ya cire hon. Na taɓa cika hannu, muryar wani dattijo ta koma kamar daga cikin rijiya.

Malam Umaru: Yara, kun yi maganar na'ura, saura mutane. Ɗiyata, in kin shiga kasuwa fara gaida shugabannin layin, ki faɗi ko ke wace ce da inda za a sa muryar. Kada ki ce "Shinkafa ta yi tsada ko?", "eh" za a ce miki a yi shiru. Ce mata, "Inna, yaya cinikin bana in an gwada da na bara?" Sannan ki kama bakinki. Mu da munka saba da "haka ne, haka ne" in babba na magana, nan abin ke ba mu wuya, don muryarki za ta hau kan tata, ba ta ciruwa. Ki gyaɗa kai kurum. Kafin ki tashi, ɗauki daƙiƙa 30 na kasuwar ita kaɗai, ƙarar kwanon awo da ciniki, ki shimfiɗa ƙarƙashin muryoyin don ya rufe inda kika yanka.

Abin da na fi jin tsoro shi ne yankan. In ta ce "manoma sun samu, amma taki ya cinye ribar", kika tsaya kafin "amma", kin sa mata maganar da ba ta yi ba, kuma 'ya'yanta na sauraro.

Nafisa: Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma. Gobe da hantsi zan koma, kafin masu niƙa su tada inji. Amma Innar ta ce kada a faɗi sunanta.

Malam Umaru: Ki cika mata alkawari. "Wata mai awon shinkafa a Birnin Kebbi" ya wadatar.

Zainab: Ki biyo ta wurina ƙarfe takwas ki karɓi makirufona, na sa masa sabon batir.