Masana'antar furotin ɗin waken fis a Manitoba: me manomi ya gani a ƙasa?

Ɗan Zazzau a Portage:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara huɗu ke nan ina aiki a gonar wani dattijo kusa da garin Portage la Prairie a lardin Manitoba na Kanada, inda kamfanin Roquette na Faransa ya buɗe masana'antarsa ta fitar da furotin daga waken fis mai ruwan ɗorawa a Nuwamba 2021. An sanar da aikin a 2017 a kan dala miliyan 400 ta Kanada, amma kafin a kammala ya kai kusan miliyan 600, kuma tana iya sarrafa tan 125,000 a shekara. Ni da wani aboki muna shirin karɓar hayar fili mu shuka waken a kan kwantiragi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa harkar da hannunsu su gaya mana abin da suka gani.

Direba daga Brandon:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dako nake yi, don haka zancen hanya zan yi. A da yawancin waken da nake ɗauka sai an kai shi rumbun 'yan kasuwa, daga nan jirgin ƙasa ya ja shi har tashar ruwa ta Vancouver, kuma kuɗin wannan doguwar tafiya daga aljihun manomi yake fita. Samun mai saye a kusa ya rage wannan nauyi. Sai dai ka kula da tsabta, domin na taɓa kai lodi wata masana'anta aka mayar da ni saboda an sami ƙwayoyin waken suya a ciki. Ban ga laifinsu ba, tunda akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar waken suya, amma manomin ya yi asarar kuɗin mota zuwa da dawowa.

Ɗalibar aikin gona a Saskatoon:
Yaya, na yi aikin hutu a ɗakin gwajin wata masana'anta irin wannan, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin ƙwayar kanta. Furotin bai wuce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na waken ba, kusan rabinsa kuwa sitaci ne, sauran ɓawo da dusa. Duk masana'antar da ba ta samo wa sitacin kasuwa mai kyau ba, ribar furotin kaɗai da wuya ta ɗauke ta, kuma wannan shi ke ƙayyade abin da za ta iya biyan manomi. Sin ta daɗe tana sayen waken Kanada don ta yi taliya da sitacin, furotin ya zama rarar da take sayarwa da araha, har sai da Amurka da Kanada suka ɗora masa haraji a 2024. Mu tuna kuma da masana'antar furotin ta Merit da ke birnin Winnipeg, wadda ta faɗa hannun masu bin ta bashi a Maris 2023, bayan kasuwar naman da ake yi da furotin ɗin tsirrai ta yi sanyi. Duk da haka ba a daina zuba jari ba, domin kamfanin Louis Dreyfus ya sanar a 2024 cewa zai gina tasa a garin Yorkton na lardin Saskatchewan.

Manomi daga kudancin Saskatchewan:
Ƙanena, ni na shuka shi a kan kwantiragi da kuma ba kwantiragi, kuma shawarata ita ce ka karanta sharaɗin bala'in da ya fi ƙarfin mutum kafin ka sa hannu. A farin 2021 gonata ba ta ba da rabin abin da na saba samu ba, kuma da takardata ba ta da wannan sharaɗi, da sai na sayi wake a farashi mai tsada na cike gurbi. Abu na biyu shi ne ciwon ruɓewar saiwa: idan ya shiga fili, sai ka yi shekara 6 zuwa 8 kafin ka mayar da waken wurin, don haka filin haya na shekara biyu ba zai gaya maka tarihinsa ba sai ka tambaya. Farashi kuwa har yanzu daga waje ake yanka shi. Kanada tana noma tan miliyan 3 zuwa 4 a shekarar albarka, abin da masana'antun gida ke ci kaɗan ne daga ciki. Na ji a jikina lokacin da Indiya ta sa wa waken harajin kashi 50 cikin ɗari a Nuwamba 2017, na sake ji da Sin ta sa na kashi 100 a Maris 2025. Abin da ya riƙe ni a harkar shi ne waken ba ya cin kuɗin taki da yawa, da yadda alkamar da ta biyo bayan waken take yin kyau.

Ɗan Zazzau a Portage:
Allah ya saka muku da alheri. Baba, zancen tarihin fili ya tsayar da ni, domin wanda muke nema waken suya aka girbe a cikinsa bara. Gobe zan je wurin mai filin in nemi ya nuna mini abin da aka shuka a shekaru 8 da suka wuce, sannan in dawo muku da sharuɗɗan kwantiragin mu duba tare.