Ta ina zan fara karatun falsafa da adabin Asiya?

Ƙanwar Zaure: Assalamu alaikum yayyena da malamaina, dan Allah shawara nake nema. Na daɗe ina kallon finafinan Indiya da na Koriya, to kwanan nan abin ya fara tsaya min a rai, sai ka ga suna sunkuya wa hoton kakanni suna kunna turare, ko ka ga an ƙona gawa a bakin kogi, ni kuma ban san me ke ƙarƙashin abin ba. So nake in karanta addinansu da falsafarsu da adabinsu daga tushe amma Asiyar faɗi gare ta na rasa ta ina zan kama. Larabcina na Islamiyya ne, Turanci kuma ba laifi.

Malam Mai Ƙamus: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki je da nisa, fara da Kalila wa Dimna, ina da tabbacin ba za a rasa shi a unguwarku ba. Da yawa ana ɗaukarsa littafin Larabawa ne, alhali asalinsa na Indiya ne da harshen Sanskrit, sunansa Panchatantra, wato littattafai biyar, wani malami ne aka ce ya tsara shi don koya wa 'ya'yan sarki su uku dabarun mulki ta bakin dabbobi. Likitan Kisra Anushirwan mai suna Barzawaihi ya ɗauko shi daga Indiya ya mai da shi tsohon Farisanci a ƙarni na 6, sannan Ibnul Muƙaffa ya mai da shi Larabci wajen shekarar 750. Su Kalila da Dimna ɗin diloli ne guda biyu, a Sanskrit Karataka da Damanaka. Ki ga yadda sunan ya bi baki har ya lanƙwashe. Masu nazari ma suna lissafa shi cikin littattafan da Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga cikinsu a Magana Jari Ce, kin ga ashe kin ɗanɗani adabin Indiya tun kina firamare.

Ƙanwar Zaure: Ikon Allah! Wallahi Malam ban taɓa sani ba.

Yaya Ɗan Kwari: Ni dai ta ɓangaren China zan ce wani abu tunda ina zuwa Guangzhou sarin kaya. Farkon zuwana na ga abubuwa ban gane ba, mutum zai miƙo maka katinsa da hannu biyu, in an zauna shan shayi sai an fara zuba wa wanda ya fi kowa shekaru, wanda aka zuba wa kuma ya ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu alamar godiya, sannan farkon Afrilu akwai bikin Qingming, wani abokin cinikina ya rufe shago ya tafi ƙauyensu sharar kaburburan kakanninsa ya bar ni da oda a hannu. Sai da na karanta Analects na Confucius, babban malamin falsafar China, na fahimci inda wannan girmama manya ya samo tushe. An haife shi 551 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rasu 479, littafin babi 20 ne na gajerun maganganu da almajiransa suka tattara, kusan duk a kan ladabi ne da biyayyar iyaye da yadda shugaba zai gyara kansa kafin ya gyara jama'a. Akwai inda yake cewa abin da ba ka so a yi maka kar ka yi wa wani. Na ajiye wayar na yi shiru da na zo wurin nan.

Hajiya Uwar Zaure: Ni fa tsorona aƙida. Yarinya ce, kar a je neman ilimi a dawo da shubuha a zuciya, musamman na Hindu ɗin nan da alloli barkatai.

Malam Mai Ƙamus: Hajiya maganarki a kan hanya take, shi ya sa zan ce ta shiga ta hannun malamanmu. Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa 973, ya zauna da malaman Hindu ya koyi Sanskrit, ya rubuta Tahƙiƙu Ma Lil Hind wajen 1030. Tun a gabatarwa ya faɗa cewa ba littafin jayayya yake rubutawa ba, kawo abin da suka yarda da shi zai yi kamar yadda yake. Ya yi bayanin aƙidarsu ta dawowar rai cikin wani jiki, da rabe-raben jama'a gida huɗu, ya kuma nuna abin da malamansu ke faɗi game da Ubangiji daban yake da abin da talakawansu ke yi a gaban gumaka. Akwai shi da Turanci, Edward Sachau ya fassara a 1888. Sai Almilal wan Nihal na Shaharastani, shi ma ya taɓo mutanen Indiya har da mabiya Buddha. Amma lallai ta samu malamin da take komawa wurinsa in wani abu ya shige mata duhu, kar ta yi ta juya shi ita kaɗai da dare.

Hajiya Uwar Zaure: To in haka ne hankalina ya kwanta. Allah ya tsare mana imaninmu.

Yaya Ɗan Kwari: Amin Hajiya. Ƙari a kan na Malam, su kansu Musulmin China sun yi wannan aikin, akwai Liu Zhi na birnin Nanjing da ya bayyana Musulunci da kalmomin Confucius kusan shekara 300 da suka wuce, sannan Ma Jian da ya yi karatu a Azhar ya fassara Analects zuwa Larabci ya kuma fassara Alƙur'ani zuwa Sinanci. Ki nemi hotunan babban masallacin Xi'an a intanet, rufinsa sak na gidajen ibadar China amma rubutun jikin bango Larabci ne.

Anti Malamar Adabi: Kun cika ta da falsafa, ku bar mata wurin numfashi mana. Ƙanwata ki haɗa da waƙa. Rabindranath Tagore ɗan Bengal shi ne wanda ba Bature ba na farko da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1913, littafin waƙoƙinsa Gitanjali siriri ne, zama biyu kin gama. Sai haiku na Japan, layi uku kacal, gaɓa 5 da 7 da 5, gwaninsu Basho na ƙarni na 17, in kina jin daɗin karin magana za ki so shi, abu kaɗan ake faɗa a bar miki sauran. Labarin Genji da wata mata 'yar fada Murasaki Shikibu ta rubuta shekara dubu da suka wuce kuwa ki ajiye shi sai nan gaba, babi 54 ne zai gajiyar da ke yanzu. Kuma dan Allah duk waƙar da za ki karanta ki duba fassara biyu, Dao De Jing ma, tsohon littafin falsafar China da yake babi 81, kowane mai fassara da inda ya nufa, na taɓa jera uku a kan tabarma ina duba babin da ke maganar ruwa kamar ba littafi ɗaya ba.

Ɗan Auta: In harshen Sinanci kike so ki koya Ƙanwar Zaure, akwai Cibiyar Confucius a Jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka, jarrabawar Sinancin sunanta HSK. Indiya kuma suna da tallafin karatu na ICCR, hukumarsu ta hulɗar al'adu da ƙasashen waje.

Ƙanwar Zaure: Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Malam yanzun nan na duba kabad ɗin Babanmu, ga Kalila ɗin nan bangonsa ya yage takardun sun yi ja, amma na ga gabatarwa har kashi-kashi kafin labaran, sai na bi ta duka?

Malam Mai Ƙamus: A'a tsallake su tukuna, tafi kai tsaye babin zaki da sa, inda Dimna ya shiga tsakaninsu da annamimanci. In kin gama ki wuce babin kurciya mai zobe a wuya, wadda ɓera ya ƙwaƙule musu raga ita da 'yan uwanta. Daga baya ki dawo babin Barzawaihi. Kalmar da ta gagare ki ki ɗauko hoton shafin ki turo nan, bayan isha'i ina kusa da waya.