Masu gidajen raino da iyaye, yaya kuka yi da ƙananan yara lokacin korona?

Mai gidan raino, Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan gidan raino, yara daga wata shida zuwa shekara huɗu, yawancinsu 'ya'yan ma'aikata. Jiya ina gyaran sito na ci karo da ma'aunin zafin nan mai kama da bindiga, batir ya zube a cikinsa, ga ragowar takunkumi rabin kwali duk ya yi ƙura. Sai na zauna a kan buhun gawayi na yi shiru.

An rufe mu ranar Litinin 23 ga Maris 2020, bayan gwamnonin arewa maso yamma sun zauna sun ce a rufe makarantu na kwana talatin. Kwana talatin ɗin nan ya zama wata da watanni. Da aka tashi buɗewa kuma sai aka fara da manyan ajujuwa, mu masu 'yan majina muka koma ƙarshen layi.

Abin da ya sa na tono maganar, ƙanwata za ta buɗe nata gidan rainon, ta ce in rubuta mata abin da za ta yi idan wata annoba ta sake ɓullowa, Allah ya kiyaye. Na ɗauko takardar ƙa'idojin da aka raba mana a lokacin, na ga yaron da ke jin magana aka rubuta wa ita. A ba da tazara, kar a taɓa fuska. Wa zai gaya wa ɗan shekara biyu kar ya taɓa fuska, alhali takalmin ɗan uwansa ma lasa yake? Don haka nake roƙo kowa ya faɗi abin da ya yi da hannunsa ko ya gani da idonsa.

Ni dai abin da na ga amfaninsa shi ne raba yaran gida uku. Kowane rukuni da antinsa, da tabarmarsa, da kofunansa, da fo ɗinsa, ba sa haɗuwa ko a tsakar gida. Iyaye kuma a bakin get suke tsayawa. Wannan ya fi komai jawo mini baƙin jini, don uwa ta saba ta shiga har ɗaki ta ajiye jaka ta yi ta ban-kwana. Amma ranar da zazzaɓi ya kama yara biyu a rukuni ɗaya, su bakwai kawai na sallama, sauran suka ci gaba da zuwa.

Malamar nazare, Kano:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ai da kika ambaci bindigar nan sai da na yi dariya ni kaɗai. Ni aka ɗora wa ita da muka koma a watan Oktoba. An ce duk wanda zafin jikinsa ya kai digiri 38 a juya shi. To yaro ya sha rana a cikin adaidaita sahu, ka ɗora masa a goshi ta nuna zafi, ka zaunar da shi a inuwa minti biyar ta sauka. Da sanyi ya shigo kuma sai ta riƙa nuna 34, wanda in da gaske ne sai dai a ruga da yaron asibiti. Ga iyayen da suka ce wai tana taɓa ƙwaƙwalwa, sai dai a auna a hannu.

Amma ba wannan ne ya kashe mini jiki ba. Wata yarinya ce aka kawo da safe lafiya lau a ma'auni, kafin azahar jikinta kamar garwashi. Ina sauya mata riga ta ce mini, Anti, Mama ta ba ni maganin zaƙi-zaƙi. Ashe farasitamol aka ɗura mata tun asuba don ta wuce get. Ban ga laifin uwar gaba ɗaya ba, aiki za ta je, ba ta da inda za ta kai ta. Daga ranar na daina dogara da na'ura, na koma kallon ido da tambaya: ya kwana lafiya, ya ci abinci, akwai mai tari a gida? Uwa za ta iya ruɗin ma'auni, amma da wuya ta kalli idonka ta ce yaro ya kwana lafiya alhali tare suka raba dare.

Kuma ku tuna mu a Kano mun ga abin da ya faru a Afrilu, ga azumi ga kulle ga jana'izar dattawa a jere. Ni tsoron da nake ji ba don yaran ba ne sosai, don kakanninsu ne da za su koma su haye wa cinya da yamma.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya:

Ni uwa ce a wannan maganar, ba mai gidan raino ba. Lokacin kulle mu ba a ba mu hutu ba, ga yaro ɗan wata goma sha huɗu, ga wurin rainon a rufe. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta karɓe shi tare da yaran abokan aikina biyu, Allah ya saka mata. Ina dawowa ba na taɓa shi sai na yi wanka na sauya kaya, yana miƙo hannu yana kuka ina wucewa banɗaki. Har yau abin yana sosa mini rai.

Da aka buɗe, abu biyu na yi faɗa a kansu. Na farko takunkumi. Na tarar an ɗaura wa 'yan shekara biyu da uku, duk ya jiƙe da yawu, wani ma ya yi musaya da abokinsa don nasa mai hoton mota ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da shawara tun Agustan 2020 cewa ba a tilasta wa ɗan shekara biyar zuwa ƙasa sa takunkumi. Jariri kuwa haɗari ne ma gare shi. Manya ne za su sa.

Na biyu bilic. Na ga ana tsiyaya shi tsagwaronsa a kan kayan wasa, wari har ya shaƙe mutum, sannan yaro ya ɗauka ya kai baki. Don goge tebur da hannun ƙofa da kayan wasa na roba, ƙarfin da ake so 0.1% ne. Idan a jikin robar an rubuta 3.5%, murfi ɗaya ne a ruwa murfi 34. A fara wanke dattin da sabulu, a shafa, a bar shi ya ɗan jima, abin da ke shiga baki kuma a ɗauraye shi da ruwa mai kyau. A haɗa sabo kullum, don kwana yana kashe masa ƙarfi. Kuma don Allah kar a gauraya shi da ruwan wanke masai, iskar da ke tashi guba ce. Sanitaiza kuma a rataye shi sama, giya ce mai ƙarfi a ciki, yaro yana iya kwankwaɗa.

Sai taga. Ko kwabo ba ta ci, amma ita aka fi mantawa da ita.

Mahaifin yara uku, Kano:

Sista, ki yi haƙuri, a nan zan ɗan ja da ke. Buɗe taga a Disamba da Janairu a Kano ba ƙaramin abu ba ne. Ƙaramin ɗana yana da asma, hazo da ƙura suka riƙa shiga ajin, sau biyu muna kwana asibiti a wata ɗaya. An guji korona an faɗa wani ramin.

Sannan ku masu makarantu ku ji namu ɓangaren. Wata shida kasuwa ba ta motsi, muna dawowa aka miƙo mana takarda: kuɗin sanitaiza, kuɗin feshi, kuɗin takunkumi mai tambarin makaranta. Feshin nan kuwa sau ɗaya na ga an yi, wasu suka zo da fararen kaya aka ɗauki hoto aka turo mana a WhatsApp. Na leƙa banɗakin yaran bayan mako guda, buta ɗaya ce babu ko gutsuren sabulu.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya:

Alhaji, gaskiyarka a kan ƙura, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Ba sai an wangale duka ba. Taga biyu masu kallon juna a ɗan buɗe su, da labule mai ɗan danshi, sannan in yara sun fita wasa a buɗe komai iska ta ratsa. Batun feshi kuwa ba ni da ta cewa. Fesa fili da bango ba ya hana komai in mai tari yana zaune cikin ɗakin.

Anti mai raino, Kaduna:

Na daɗe ina karantawa, na ce bari dai in yi magana, tunda ba wanda ya faɗi namu. Ni ma'aikaciya ce, ba mai wuri ba. Mu ne ke goya yaran, mu share majina, mu sauya famfas, mu hura musu kunu. Tazara ba ta shafe mu ba.

Duk watannin da aka rufe ba a ba mu ko sisi ba. Na sayar da keken ɗinkina. Da aka dawo aka ce duk wadda ta ji mura ko tari ta zauna a gida, amma ranar da ba ki zo ba za a cire a albashi. To Hajiya, ke ki gaya mini. Akwai makon da na tashi da ciwon kai, abinci ba ɗanɗano, ko ƙanshin man da nake shafa wa jarirai ba na ji. Na san me ake cewa game da wannan alamar. Na sha magani, na ninka takunkumi biyu, na je aiki. Ban gaya wa kowa ba sai yau. Allah ya rufa asiri ban ji wani ya kwanta ba, amma kwana goma ban yi barcin kirki ba, duk uwar da ta makara sai gabana ya faɗi.

Ba ina kare kaina ba ne. In kuna rubuta wa ƙanwarki ƙa'ida, ku sa wannan a sama.

Malama a jardan (makarantar ƙananan yara), Maraɗi:

Allah sarki ɗiyata, Allah shi yafe muna baki ɗai. Mu nan Nijar an rufe lakwal cikin watan Maris, anka buɗe 1 ga Yuni, kun ga mun riga ku komawa nesa ba kusa ba. Matsalarmu ruwa ce. Famfo sai ya kwana biyu bai zo ba, ga yara sun fi arba'in. Sai munka huda bidon munka rataya ga itace, da igiya da ɗan katako a ƙasa, yaro ya taka ruwa ya zubo sirit, ba a ɓarna. Sabulu munka zura ma igiya kar awaki su ɗauke. Yaran sun ɗauke shi wasa, har faɗa suke wa za ya taka. Munka sa masu waƙa da za su rera har ta ƙare kafin su ɗauraye, don ɗan shekara ukku bai san daƙiƙa ashirin ba.

Kuma munka fid da su waje ƙarƙashin bedi, tabarmi a inuwa, sai ruwan sama ya taso mu koma ciki. Abin da ni lura da shi, damanar nan zawo bai kama yara kamar yadda ya saba ba. Ban ƙirga ba, amma wankin wanduna ya ragu, mai wankin ce ta fara faɗi.

Mai makarantar yara, Zangon Kumasi:

Gaisuwa daga Gana. Mu ƙananan ajujuwa sai Janairun 2021 suka koma, kusan wata goma a gida. Bokitin nan mai famfo a gindi da kuka gani ko'ina, a nan ake kiransa bokitin Veronica, sunan matar da ta ƙirƙiro shi ne, Veronica Bekoe, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce 'yar Gana, kuma tun kafin korona da daɗewa ta yi shi. Kuskuren da muka yi da farko, mun ɗora shi a kan teburin manya, yara ba sa kaiwa, sai anti ta ɗaga kowa ɗaya-ɗaya har bayanta ya riƙe. Muka sa kafinta ya yi mana gajeren benci. Sai kuma tawul guda da muka rataya kowa yana gogewa, wata uwa ta nuna mana cewa mun wanke hannu mun mayar da dattin. Muka cire shi, yara su yarfe hannu iska ta busar.

Cin abinci a kwano ɗaya shi ya fi wuyar hanawa. A gida an koya wa yaro rowa abin kunya ce, ka zo makaranta ka ce kar ya ba ɗan uwansa loma. Na bar wannan yaƙin, gaskiya.

Mai gidan raino, Kaduna:

Na gode ƙwarai, duk na kwafe. Anti, maganarki ta hana ni cin abincin dare. Ba a wurina kike aiki ba, amma ni ma haka na yi wa nawa, rabin albashi na wata biyu sannan na ce babu. Haya tana kaina, iyaye ba sa biya, hujja ba ta ƙare mini ba. Sai dai ban taɓa zama na yi tunanin cewa ni da bakina na sa mai tari ta ɓoye tarinta ba. Na kira ƙanwata na ce ta ware wani abu daga kuɗin kowane yaro tun daga watan farko, na ranar da anti za ta kwanta, kuma ta nemi mace ɗaya a unguwa da za a iya kira ta riƙe aji. Ta ce lissafin ba zai fita ba. Muna kan ja-in-ja.

Alhaji, kuɗin feshi ni ma na karɓa. Na yi shiru.

Malamar nazare, Kano:

Hajiya, ƙara mata da katin rigakafi. Mu da mashaƙo ya addabi Kano a 2023, shi muka koma bi. Lokacin kulle iyaye da yawa sun daina kai yara awo, wasu tsoron asibiti, wasu ba abin hawa, allurai suka tsallake ba a koma an cike ba. Yanzu ba na karɓar sabon yaro sai na ga katin da idona na duba ko an yi masa Penta uku, wato allurar da ta haɗa da rigakafin mashaƙo, da ta ƙyanda. Wanda bai cika ba ba na korarsa, ina gaya wa uwar ranar da ake yi a asibitin sha-ka-tafi na kusa da mu, in ta ce ba ta da lokaci in ce ta sa hannu a takarda ni in kai shi.

Uwa ɗaya ta cire 'yarta saboda wannan. Wata kuma ta kawo mini katin yayan yaron, ta goge sunan da biro ta rubuta nasa a sama, ta manta ba ta gyara shekarar haihuwa ba.