Wane irin NAS ya dace da tarin waƙoƙin gida?

Ɗan_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da faifan CD kimanin 900 da nake juyawa zuwa FLAC (tsarin fayil ɗin sauti da ba ya rage inganci), da MP3 wajen 200GB, sai kaset-kaset na waƙoƙin gargajiya da nake son kwafewa kafin su lalace. Yanzu komai yana kan diskin USB guda ɗaya. So nake kwamfuta da wayoyi biyu da na'urar sauti ta falo duk su riƙa ɗaukowa daga wuri ɗaya. NAS, wato akwatin diskoki da ake haɗawa da rautar gida, mai gurbin diski biyu zan saya ko mai huɗu? Wane girma? Kuma Wi-Fi zai iya?

Injiniya_Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara da lissafi. Faifan CD ɗaya a FLAC yakan ci 300MB zuwa 400MB, ka ga 900 ba za su wuce 360GB ba. Kaset na awa ɗaya in an ɗauke shi a WAV mai ingancin CD zai kai 635MB, in aka mayar da shi FLAC ya ragu sosai. Duka tarinka bai cika 1TB ba. Mai gurbi biyu ya isa, da diski biyu na 4TB a RAID 1, wato kowanne kwafin ɗan uwansa ne. Na'urar za ta nuna maka 3.6TB, wannan ba matsala ba ce, bambancin ƙidaya ne. Mai gurbi huɗu ƙarin kuɗi ne da ƙara da cin wuta, alhali waƙa ba ta buƙatarsa.

Gudu ma haka. CD yana tafiya a 1,411 kbps, fayil mai nauyi na 24-bit/192kHz kuwa bai kai 10 Mbps ba. Shi NAS ɗin ka haɗa shi da rauta ta kebul na Cat5e ko Cat6, wayoyi su shiga ta Wi-Fi.

Inda za ka lura shi ne nau'in diskin. Nemi CMR, mai rubutu a layukan da ba sa hawa kan juna, kamar WD Red Plus ko Seagate IronWolf. A 2020 aka gano cewa WD Red na 2TB zuwa 6TB, wanda ba shi da Plus, SMR ne. Irinsa yana rubutu a kan layuka masu hawa kan juna, shi ya sa idan diski ɗaya ya mutu ana sake gina RAID sai ya yi ta ja, har na'urar ta iya fitar da shi. Duba lambar samfurin a jerin diskokin da kamfanin NAS ɗin ya amince da su kafin ka biya.

Mai_Sauti:
Na yarda da lissafin Injiniya, amma manhaja ya kamata a fara zaɓa kafin akwatin. In raba folda kawai za ka yi ta SMB, ko na'urar falo ta ɗauka ta DLNA (duka hanyoyi ne na isar da fayil tsakanin na'urorin gida), Synology DS223 ko QNAP TS-233 sun wadatar. In kana son manhajar tsara waƙoƙi da aika su zuwa na'urori, irin Plex ko Jellyfin ko Navidrome, ɗauki Synology DS224+ mai Intel Celeron J4125, ka ƙara masa RAM daga 2GB zuwa 6GB. Manhajar Roon kam ta fi ƙarfin waɗannan ƙananan, tana son kwamfuta daban mai SSD, NAS ya zama rumbu kawai.

Duba na'urar falon ma. Tsofaffi da yawa SMB1, tsohon zubin SMB, kaɗai suka sani, DSM 7 kuma, tsarin da ke tafiyar da NAS na Synology, yana zuwa da shi a kashe saboda tsaro, sai ka ga folda ta ƙi fitowa. Gara ka bi ta MinimServer, manhajar aika waƙa ta DLNA, da ka kunna SMB1. In Sonos ce, jerinta yana tsayawa a waƙa 65,000, kai ba ka kusa ba.

Sannan bayanan waƙa. Yi amfani da Exact Audio Copy ko dBpoweramp wajen kwafar CD, ka gyara sunaye da MusicBrainz Picard. Na kaset da hannu za ka rubuta. A MP3, wajen tsarin rubuta bayanan, ka zaɓi ID3v2.3 da UTF-16 ko ID3v2.4 da UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya. FLAC ba shi da wannan matsalar. Ka cike gurbin mawaƙin faifai iri ɗaya a duk waƙoƙin faifan, don kada ya rarrabu gida goma.

Hajiya_Zee:
Malam, don Allah kada ka kunna shi sai da UPS. Mai gurbi biyu wat 15 zuwa 20 yake ci, UPS na 650VA ya isa har da rauta, amma ya zama mai kebul na USB da ke sanar da NAS an ɗauke wuta, ka saita ya tsayar da aiki bayan minti biyar. Ɗauke wuta ana cikin rubutu shi ke lalata fayiloli, inbata kuma ba ya gaya wa NAS batir ya kusa ƙarewa. Ajiye shi inda iska ke shiga, diski kada ya daɗe sama da digiri 45, a riƙa kaɗe ƙurar fankarsa lokacin hunturu.

RAID 1 kuma ba ya ceton fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, a take yake gogewa a diskin biyu. Tsara rumbun da tsarin ajiye fayil na Btrfs, ka kunna binciken sahihancin bayanai tun wajen ƙirƙirar folda, domin ba a kunna shi daga baya. Diskin USB ɗinka na yanzu ya zama na kwafi ta manhajar Hyper Backup ta Synology duk mako, a cire shi bayan an gama. Na kaset ɗin a yi musu kwafi na uku a ajiye a wani gida, su ba a sake sayensu a kasuwa.

Ɗan_Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. DS224+ da Navidrome zan bi. In ina waje zan iya sauraro?

Injiniya_Bashir:
Za ka iya. In intanet ɗin gidanka na layin waya ne, galibi yana bayan CGNAT, wato kamfanin ya haɗa mutane da yawa a adireshin intanet ɗaya, buɗe ƙofa a rauta ba zai yi aiki ba. Saka Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓaɓɓiyar hanya, a NAS da wayarka, ka saita Navidrome ya sauya FLAC zuwa tsarin Opus mara nauyi a 128 kbps a waje, awa ɗaya ta ci kimanin 58MB na data.